Waƙar Rijiyar Takanamat

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Sun sake farawa tun bayan la'asar. Shagon da marigayi mijina Malam Adamu ke ajiye maganin dabbobi shi ne yanzu wurin kiɗansu, bango guda tsakaninmu. Ɗana Ɗanladi da abokansa uku: gita biyu na lantarki, ɗaya mai kaurin murya da suke ce ma bas, sai ganguna. Sun sa ma kansu suna Tsawar Adar. Sunan dai ya dace. Shafi guda na izuna na karanta sau uku ban san inda na tsaya ba.

Nasiratu ƙanwata ta ce wanga ba kiɗan buki ba ne, rok ne, ba don amarya ta taka aka yi shi ba. Na ce to don wa? Ta ce don mai ciwon kai ya ƙara.

Ban ce ma Ɗanladi komi ba. Ɗan fari ne. Shekara ashirin da bakwai ban kama sunansa na yanka ba, ban zauna hira da shi ba. In da magana, Nasiratu ke kai ta. Haka na tarar.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Gwiwa na ciwo. Mata huɗu kaɗai sunka zo karatu wurina, saura na gona wajen gero.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Kasuwa. Ina zaɓen albasa, wayar mai tebur na kiɗa. Ya ce, "Hajiya, ba ki gane ba? Abdulrahim ɗinki ne. Guga sunan waƙar, duk Tawa ita ake ji."

Ta bango ganguna kaɗai ke iso ni, ban taɓa jin muryar Ɗanladi a waƙar ba sai yau. Ƙarƙashin duk wannan ƙugi na gita, waƙar Salamatu ce.

Bari in rubuta, tunda ba ni da wanda zan gaya ma. Lokacin da anka tura Malam aiki Takanamat ina amarya, Salamatu ce maƙwabciyata. Buzuwa ce, ta girme ni nesa. Rijiyar garin zurfi gare ta, jaki ke jan guga, mace na bin shi har igiya ta ƙare sannan su juyo. A wannan tahiya da dawowa ta ƙago waƙar, shekarar da ɗanta ya tahi Libiya babu labari. Ina nan sadda take sabuwa, tana gwada ta tana canzawa. Ni ban jin Tamashek sosai, sai na sa mata kalmomin Hausa, ina yi wajen daka. Ɗanladi na bayana a goye.

Ban san ya riƙe ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Nasiratu ta zo da waya tana huci. Wani Mumuni, mai gita a Takanamat, ya saki murya cikin WhatsApp, ya ce Tsawar Adar ɓarayi ne, waƙarsa ce, shi ya yi ta shekara biyu da sunka wuce. Ya haɗa da tasa don a gwada. Na saurara. Ita ce, sai dai a hankali.

Abin da ya ƙara nauyi: an zaɓi su Ɗanladi su wakilci jiha a wani babban taron makaɗa a Yamai watan gobe, kuma da wagga waƙa anka zaɓe su. Kwamitin ya ce zai zauna.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ɗanladi ya yi magana a rediyo. Ina tsintar wake na ji shi. Ya ce, "Ni ban saci komi ba. Waƙar mahaifiyata ce, ita ta ƙaga ta, a bakin turminta na ji ta."

Bai yi ƙarya da gangan ba, na sani. Bai tambaye ni ba, don ba ya iya tambayata. Ni kuma ban taɓa gaya mashi ba, don ba ni gaya mashi komi. Amma ga sunana an ɗora bisa abin da ba nawa ba, duk gari ya ji.

Na tambayi wata ɗaliba tawa ƴar Takanamat ko wane ne Mumuni. Jikan Salamatu ne. Tsohuwar na nan da rai.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na gaya ma Nasiratu duka, na ce ta kai ma Ɗanladi.

Ta ce, "Yaya, ke wa ya tambaye ki? Kin rera ko ba ki rera ba?"

Na ce na rera.

"Kalmomin naki ne ko ba naki ba?"

Na ce nawa ne, amma muryar waƙar ba tawa ba ce.

"To ki faɗi wanda ke naki ki yi shiru. Malaman naku ma ba duka suke faɗi ba."

Na ce ta dai kai mashi. Ta ce to, tana ɗaure kallabi. Irin to ɗin da na sani tun muna yara.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ɗanladi ya zauna cin tuwo a tsakar gida, ni ina bakin madafa. Na buɗe baki sau biyu. Abin da ya fito shi ne, "A rage gishiri a miyar gobe," kuma ni ke yin miyar. Ya ce, "Ta yi daidai, Inna," bai ɗago ba.

Nasiratu ta ce ya roƙa in zo zaman kwamiti ranar Asabar. Na ɗauka ta gaya mashi, shi ya sa yake son in zo a gyara maganar. Har na ji sanyi a raina.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ba ta gaya mashi ba.

Tun da na shiga ɗakin taron na gane. Ɗanladi ya taso ya gyara mani kujera yana murmushi, kamar wanda ya kawo shaidar da za ta gama komi. Na dubi Nasiratu, ita kuma tana duban silin.

Mutum biyar a tebur. Mumuni na gefe da rawaninsa, siriri, hancin kakarsa sak. Sunka sa waƙoƙin biyu. A lasifika babba na ji ta Ɗanladi yadda take. Akwai wani wuri da kowa ke yin shiru sai bas, sannan gitar ta shigo tana kuka. Ban san mi zan ce a kai ba. Na dai lura.

Mumuni ya ce shi ya ƙaga, a daji, yana kiwo. Shugaban kwamiti ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, ɗanki ya ce taki ce. Haka ne?"

Na ce a'a.

Muryata ba ta da ƙarfi, sai da ya ce in maimaita. Na maimaita. Na faɗi rijiyar, da jakin, da ɗan da ya tahi Libiya, da sunan mai waƙar. Na ce kalmomin Hausa nawa ne, kuma na yafe su ga duk mai so. Na juya wajen Mumuni na ce, "Ɗana, kai ma ka san a bakin wa ka ji ta." Ya ja rawani ya rufe baki.

Ɗanladi ban dube shi ba. Na ji dai ƙarar kujerarsa.

Hukunci: babu ɓarawo, amma babu mai waƙa a cikinsu. Ba za a kai ta Yamai ba sai da yardar Salamatu da sunanta a kai, kafin ƙarshen wata.

A hanya Nasiratu ta ce, "Kin huta?" Na ce, "Da kin kai saƙon." Ta ce, "Da kin yi bakin kai shi da kanki."

Lahadi, 27 ga Oktoba

Tuwon Ɗanladi ya kwana a rufe.

Talata, 29 ga Oktoba

Na hau motar kasuwa na tahi Takanamat ni kaɗai. Hanya ta gama da ƙuguna.

Salamatu ta ƙanƙance, ido ya tahi, amma ta gane muryata tun daga sallama. Ta ce, "Matar likitan awaki. Har yanzu kina magana kamar mai tsoron tada kaza?"

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta sa anka kunna mata duka biyun. Ta Mumuni ta ce, "Wanga jakinsa ya yi barci a hanya." Da ta Ɗanladi ta zo ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. Wurin da gitar ke kuka ta ɗaga yatsa ta ce, "Tekarkart." Ƙaramin gungumen da igiyar rijiya ke bi ta kansa kenan, mai ƙara in guga ya yi nauyi. Ta ce, "Wa ya gaya ma yaron? Yana goye fa."

Na ce to ta yarda?

Ta ce, "Ke ce kika ɗauka? Wanda ya ɗauka shi zo. Ba a aiko uwa roƙon ruwa ɗa na zaune."

Ɗan nata bai dawo ba har yau. Ban tambaya ba, ita ta faɗi, muna rabuwa.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ban aika Nasiratu ba. Na tsaya ƙofar shagon, ina duban ƙasa, na faɗi abin da tsohuwar ta ce. Yana gyaran wata waya. Ya ce, "A gaban mutane, Inna. Da ko a gida ne." Na ce haka ne. Na koma ɗaki.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Wata ya ƙare, bai tahi ba. An ba wasu makaɗa ƴan garin Kalfu wurinsu. Mai gangunan ya wuce ni a titi bai gaishe ni ba, yaron da na koya ma Fatiha.

Shagon shiru kwana shida. Na sauke izu biyu babu tuntuɓe. Ya kamata in gode.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Jiya da safe Ɗanladi ya ɗauki gita ya hau babur bai ce ina ba. Yau ya dawo da ƙura har gira, da cukun Buzaye guda uku naɗe a tsumma. Ya ajiye bisa tabarmata ya ce, "In ji tsohuwar Takanamat." Ya shige.

Ta yarda kenan. Yamai dai ta wuce.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Sun koma kiɗa, Guga suke yi. Mumuni ma ya zo da tasa gitar, sun yi gardama kan sauri har anka kira la'asar.

Na maido tabarma gindin bangon shagon. Nan ne inuwa ke daɗewa yanzu, ba wani abu ba.

Mai gangunan yana gaggawa a tsakiya. Wurin nan jaki ke juyowa, ba a juyowa da gudu, ruwa zubewa yake. Na jure sau uku. Da Ɗanladi ya fito shan ruwa na gaya mashi, ni da kaina. Ya tsaya da moɗa a hannu yana dubana, sannan ya ce, "Yaya ya kamata?" Sai na buga mashi da tafin hannu bisa gwiwa, a hankali, don kada su ji a ciki.

Sun gyara. Bas ɗin ne yanzu ya yi ƙasa da yawa, amma wannan sai gobe.