Imel Ɗinka da Sunayen Mutanen Unguwa

Zuwa ga Yayana, Malam Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Luba ce, daga Kebbe. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, na kuma san masu bibiyata a shafin nan su ne za su karanta. To, su karanta. Da kai nake magana, kuma maganar imel ɗinka ce.

Bayan an yi sadakar arba'in, matarka Hadiza ta naɗe wayarka a ɗankwali ta miƙo mini, ta ce ita ba ta iya jin ƙararta a ɗaki. Na karɓa don na san lambar sirrin, tun lokacin da kake aikena in fitar maka da takardu. Ban san irin kayan da ta ɗora mini ba sai da na buɗe.

Yaya, ashe kai ne mai imel na unguwa gaba ɗaya. Duk wanda ya je kafe, wato shagon intanet, zai cike wani abu, rajistar jarrabawa ce, neman aiki ne, ko rajistar manoma ta taki, da an tambaye shi adireshin imel sai ya ce a sa na Malam Bello na sakatariya. Mutanen Tambuwal sun sa, dangin Hadiza na Sanyinna sun sa, har da wasu daga Dogon Daji waɗanda ban san ta ina kuka haɗu ba. Na tuna ranar da na yi maka ƙorafi a kan haka, ka yi dariya ka ce, "Ku bari su sa nau, ai ba ciki nika kwana ba."

Na tuna kuma yadda kake isar da saƙon. Ka taso daga ofis, ka yi la'asar, ka hau babur, ka tsaya a ƙofar gida ka yi sallama, ka ce a faɗa wa wane an kira shi ranar kaza. Ba ka rubuta komai, ba ka ware komai. Duk a kanka yake. Da ka tafi, ka tafi da kan naka, ka bar mini akwatin saƙonni.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka. Saƙonni dubbai a wuri ɗaya, na jiya a kan na bara, tallar waya a kan kiran aiki, 'yan damfara masu cewa ka ci kyauta a kan sakamakon jarrabawar ɗan mutane. Ban yi mamaki sosai ba. Na san teburinka na sashen noma, inda buhun iri ke zaune a kan fayil, fayil kuma a kan kwanon abinci.

Da don mutanen unguwa ne kawai, da na bi a hankali. Amma akwai Asma'u. Ka san da hannunka ka cike wa 'yarka ta fari neman gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato, kuma imel ɗinka ka sa. Ta yi jarrabawar shiga kana kwance a asibiti. An ce musu ta imel za a kira waɗanda suka ci su je tantancewa, wanda bai je a ranakun da aka sa ba kuma, sai wata shekara. Ita wayarta mai maɓalli ce. Kullum da safe sai ta kira ni ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta kashe wayar. Ni na san abin da take son tambaya.

Kullum nakan zauna a ofishin malamai na makarantar da nake koyarwa lokacin hutun tara, in yi ta jan allo da yatsa har idona ya yi ja. Ban ga komai daga makarantar jinyar ba. Sai muka ji an kira wata ƙawarta. Daga nan Asma'u ta rage kira, Hadiza kuma ta fara cewa wataƙila ba rabo. Ni tsorona daban ne. Tsorona shi ne saƙon ya zo ya wuce ta ƙarƙashin yatsana ban gani ba, yarinya ta rasa shekara guda saboda gwaggonta.

Malama Zainabu, wadda ke koyar da kwamfuta a makarantarmu, ita ta gan ni a haka ranar wata Alhamis. Ta karɓi wayar ta duba, ta yi salati. Ta ce wannan ba aikin yatsa ba ne, filta ake sa masa. Wai kamar rariya ce: ka faɗa wa imel cewa duk saƙon da ke ɗauke da suna kaza, ko wanda ya fito daga wuri kaza, ya wuce da shi folda kaza, wato wata ma'ajiya daban, shi ke nan, shi zai riƙa yi da kansa. Ta ce amma a waya ba ya saituwa, sai a kwamfuta, ga shi ranar batirin solar makarantar ya mutu. Ta ce in je in samo sunayen mutanen daidai yadda suke a takarda, Litinin mu zauna mu yi gaba ɗaya.

Na ɗauka abu mai sauƙi ne. Na shigo Tambuwal ranar Juma'a da yamma, na fara bi gida gida.

Yaya, a nan na gane aikin da kake yi. Mu ba mu san sunan kowa ba. Na san Ɗanjuma, na san Ta-Sallah, na san Na-Allah, na san Ƙarami, amma babu ko ɗaya daga cikinsu a imel. Can Abubakar ne da Hauwa'u da Usman da makamantansu. Abubakar Muhammad Tambuwal kaɗai mutum uku na samu a layinmu, kowa da neman da ya cike. Waɗannan sai da na haɗa da lambar rajistarsu kafin in bambanta su.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce Iya Kulu, maƙwabciyarku ta bayan masallaci. Ɗanta na fari yana Legas, ya nemi aiki ya sa adireshinka. Na tambaye ta sunansa na yanka. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja mayafi ta ce, "Ke Luba, boko ta cinye miki kunya? Ni zan faɗi sunan wanga yaro da bakina?" Na ce ai don aikinsa ne. Ta ce ko aikin gwamna ne. Na zauna a tabarmarta har sai da surukarta, matar ƙaramin ɗanta, ta dawo daga gidan suna, ita ta faɗa mini, Iya Kulu kuwa ta shige ɗaki don kada ma ta ji.

Na fito ina dariya, sai dariyar ta yanke, don na tuna kai ma haka kake. Asma'u 'yarka ce ta fari, ga shi sunan mahaifiyarmu ka sa mata. Tun ranar suna ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba. Inna kake ce mata. Ko ranar da ka kai ta firamare, na raka ku, da hedimasta ya tambayi sunanta sai ka juya ka kalli bango, ni na amsa.

Litinin bayan an tashi yara muka zauna gaban kwamfuta. Malama Zainabu ta ce a fara koyo a kan abin da ko ya ɓace ba a yi asara ba. Muka ɗauki wani kamfani mai turo talla kullum. Ta nuna mini inda ake danna ƙaramar alamar da ke gefen wurin bincike, sai gurabe su buɗe: wanda ya aiko, kan saƙo, kalmomin da ke ciki. Muka sa adireshin kamfanin, muka danna a ƙirƙiri filta, muka buɗe folda mai suna Talla, muka zaɓi kada saƙon ya tsaya a babban akwati. Ta ce kada in manta da gurbin ƙarshe, wanda ke cewa a haɗa da tsofaffin saƙonni, in ba haka ba sababbi kaɗai zai riƙa kwashewa. Na danna. Nan take akwatin ya yi sauƙi kamar an share tsakar gida.

Ta ce to yanzu in yi da kaina, ita za ta yi alwala. Ban duba takardar sunaye ba. Na rubuta Asma'u Bello a gurbin kalmomi, na danna bincike don in ga abin da zai kamo.

Saƙonni suka fito, Yaya. Saƙonnin da ban taɓa gani ba duk jan allon da na yi. Na rajista, na ranar jarrabawa, da wani a sama wanda ba a buɗe ba, daga makarantar. A gefen kowanne akwai ɗan tambari an rubuta Inna.

Na buɗe na saman. Ta ci. An kira ta tantancewa, kuma ranar Alhamis ta makon nan za a rufe. Saƙon ya daɗe da zuwa, yana zaune a folda, ni ina can ina nemansa a babban akwati. A waya foldar tana ɓoye bayan layukan nan uku na sama, waɗanda ban taɓa tunanin dannawa ba.

Da Malama Zainabu ta dawo, ta buɗe mini shafin da ake ganin filtocin da aka saita. Biyu ne. Ɗaya tamu ta talla. Ɗayar taka ce. Kai da ba ka taɓa ware saƙon kowa ba, kai da ka bar na unguwa guda a cakuɗe, ka zauna ka koyi abin nan don mutum ɗaya, don kada nata ya nutse cikin na jama'a. A gurbin kalmomi ka rubuta sunanta cikakke, baƙi bayan baƙi, saboda na'ura ba ta san Inna ba. Foldar kuma, da yake kai kaɗai ke ganinta, ka sa mata sunan da kake kiranta.

Na yi kuka a gaban kwamfutar gwamnati, ban ji kunya ba. Na kuma ji haushinka sabo, don da ka faɗa wa wani da yarinya ba ta yi zaman zullumin nan ba. Amma na san ka. Yaya za a yi ka faɗa, alhali faɗar na nufin a san ka rubuta sunan.

Sauran aikin na gama shi a ranar. Kowa yanzu yana da foldarsa. Na bi hanyarka, sunan takarda a filta, sunan da muka sani a kan folda, don in na ga Ɗanjuma na san ƙofar da zan yi sallama. Ni ba ni da babur, saboda haka kira zan riƙa yi. Tun ranar da na bi gida gida kuma na fara gaya wa matasan su buɗe nasu, wasu sun ji, wasu sun ce naka ya fi albarka. Taka filtar ban taɓa ta ba. Na dai ɗauki hoton allon da wayata kafin mu kashe kwamfutar.

Ban kira Asma'u ba. Na nemi izini a wurin shugabarmu, Talata da sassafe na shiga motar Tambuwal. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na faɗa mata ta ci, Hadiza ta yi guɗa ta farko tun bayan rasuwarka, sannan ta rufe baki ta fashe da kuka. Ita Asma'u hamdala kawai ta yi, ta tambaye ni ina saƙon ya ɓuya duk kwanakin nan.

Na nuna mata hoton. Ta goge garin hannunta a zane, ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da fuska. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Gwaggo, Baba na ya rubuta wanga da hannunai?" Na ce shi ne. Ta ce ita ba ta taɓa sanin ko ka iya sunanta ba. Ta roƙe ni kada in goge hoton, sai ta yi waya babba in tura mata. Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki ta fara haɗa takardunta.

Gobe Laraba za mu tafi Sakkwato. An ce ta zo da mahaifi ko wakili. Ni zan tsaya a wurinka, in an tambayi sunanta kuma, wannan karon ita za ta amsa da kanta.

Allah Ya gafarta maka, Yaya. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya sanya duk ƙofar da ka tsaya ka isar da saƙon wani a mizaninka. Allah Ya haɗa ka da Inna babba a Aljanna, Ya raya maka Inna ƙarama, Ya sa ta zama mai amfani ga jama'a. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Luba