Kuɗin Gyaran Bakin Ciyawa

Laraba, bayan isha'i. Unguwar Al Nahda.

Yau na kai wa manajan rukunin gidajen nan takardar farashinmu. Na sa kuɗin yankan ciyawa daban, na gyaran bakinta daban, wato datse gefen da ya haɗu da daɓe. Yana gani ya ɗaure fuska. "Habibi, wasu kamfanonin kyauta suke yin wannan."

Na fita na kira Yaya Bashir, tunda jarinsa ne a kamfaninmu na gyaran lambu. Ya ce, "Sani, goge layin nan. In kwangilar nan ta kuɓuce, da me za mu sabunta bizar ma'aikata?"

Na ce, "Yaya, fili inji ne yake cinye shi nan da nan, amma bakin nan a duƙe ake bin sa cikin rana. Bara mun yi shi kyauta, ka san yadda muka ƙare."

Ya kashe wayar.

Ban goge ba. Na roƙi manajan ya biyo ni lambu, na gyara gefe ɗaya da hannuna, na bar ɗayan yadda yake. Ya daɗe yana kallo, ni kuwa gumi har cikin idona. Ya ce zai yi tunani.

Ɗazu saƙonsa ya shigo: khalas, wato ya amince da farashin, mu fara ran Asabar, amma gwajin wata ɗaya ne. Na tura wa Yaya. Na ga ya karanta. Gobe da sassafe zan same shi a unguwar Karama. Gara ya yi min faɗan ido da ido.