Kada A Kai Ni Wurin Maiwada

Kademi, Gaya.

Zuwa ga Baffa Bubayero, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Talatu da yara, Allah ya ƙara maka lafiya da albarkar kasuwa. Mu nan kowa lafiya. An cire gyaɗa, ba ta yi kamar ta bara ba amma an gode Allah. Na zaɓi in rubuto maka ne don ka san bakina, in na kira ka a waya zan ɗau zafi in faɗi abin da bai kamata ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ba a aji na koya ba.

Baffa, tsoro nake ji. Ka san ƙwallon masu ƙafa ɗaya da muke bugawa da sanduna a filin Gaya, wanda mutanen gari suka yi ta yi mana dariya a kai har suka gaji suka koma 'yan kallo. An zaɓe ni cikin waɗanda za a gwada a Kano don shiga ƙungiyar jiha. To ran Asabar muna atisaye sandata ta zame, na faɗo a kan idon sawuna na hagu. Ya kumbura, ba na iya taka shi. Ƙafar nan ita ke nan mini, Baffa, ba ni da wata.

Baba ya ce gobe da safe za a kai ni wurin Maiwada mai ɗori. Maiwadan nan dai da ka sani, wanda ya ɗaure mini ƙafar dama lokacin da na faɗo daga amalanken shanu. Ya tamke ta da kara da tsumma, ina kuka yana cewa ragwanta ce, har yatsuna suka yi baƙi, ɗakin ya fara wari, aka kai ni asibiti aka yanke. Na tuna wa Baba wannan, ya ce ƙaddara ce ba hannun Maiwada ba, kuma mutumin abokinsa ne tun suna yara, in aka tsallake shi aka tafi asibiti an ci masa fuska. Na ce to a ba shi ƙafar akuya ya yi zumuncin da ita. Na san ban kyauta ba, Baba bai sake yi mini magana ba. Amma ni ko ƙamshin man da yake shafawa na tuna sai in leƙa ƙafata. Ina duba yatsuna kullum in ga ko sun fara canja launi, alhali ba wanda ya taɓa su tukuna.

Inuwa, kocinmu, ya duba ya ce yana zaton targaɗe ne, amma shi ba likita ba ne, sai an ɗauki hoton ƙashin. Ya ce zai ɗauke ni a babur zuwa Gaya mu hau motar Kano, sai dai ba zai fitar da ɗan mutane ba tare da yardar uba ba. Ni kuma ba na so in fita gidanmu kamar ɓarawo. Shi ya sa na ɗauki hoton takardar nan na turo maka. Kai ne gaba da Baba, bai taɓa musa maka ba. Ka kira shi yau, ka ce kai ka ba da umarnin a kai ni asibiti, don ya samu abin faɗa wa Maiwada ba tare da kunya ba. Gwajin Kano in ya wuce ni ya wuce, akwai wata shekara. Ƙafar nake roƙo.

Ɗantani, wanda muke sayen takalmi ƙafa biyu mu raba, ni hagu shi dama, ya zo duba ni ɗazu. Ya ce in yi wa Allah in riƙe ƙafata, shi ba zai iya sayen takalmi shi kaɗai ya jefar da ɗaya ba. Muka yi dariya, da ya fita na kasa ci gaba da ita.

Ka gaishe mini da Inna Talatu da Surayya da Mus'ab. Wayar tana hannuna, ba zan ajiye ta ba sai na ji ta Baba ta yi ƙara a zaure.

Ɗanka,
Ɗayyabu.