Gomiya Biyun Mama

Uku ga wata

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙarfin jikin Anti? Allah Ya sauke ta lafiya. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda waya ba ta yi mana rana: kai ka ɗaga murya, ni in fashe da kuka, mu ajiye ba mu gama magana ba.

Jikin Mama da sauƙi sosai idan aka kwatanta da yadda ka bar ta a asibiti, ranar da ɓarin jikinta ya shanye. Ƙafar dama ta fara taka ƙasa, hannun ma yana riƙe cokali. Ta dawo ɗakinta, ina wuni da ita, da yamma maƙwabciyarta ta karɓe ni. Tana gane kowa, har ta yi wa maigidana tsiya wai tumbinsa ya riga shi shigowa ɗaki.

Abin da ya ɗaure mini kai ƙirga ce. Jiya mun koma wajen likita, wani matashi mai tabarau, ya ce ta ƙirga masa daga ɗaya zuwa talatin. Ta fara tiryan-tiryan har goma sha tara. Daga nan sai ta tsaya, bakinta yana motsi, can ta ce gomiya biyu. Ta ci gaba abinta, gomiya biyu da ɗaya, gomiya biyu da biyu, har gomiya uku. Likita ya dube ni, na dube shi. Ya tambaye ni ko haka muke ƙirga a gida, na ce ban taɓa ji ba, kuma gaskiyata na faɗa. Ya rubuta wani abu a takarda. Ya ce wannan ciwo yakan ɗauke wa mutum kalma, sai ya ƙirƙiro wata ya cike gurbin, wani lokaci kuma alama ce ta cewa hankalin ya taɓu. Zai sake gwada ta ranar ashirin ga wata. Idan ba ta canza ba, zai ba da shawarar kada a bar ta zaune ita kaɗai.

Na san abin da za ka ce, domin ka riga ka faɗa: a rufe ɗakin, a kawo maka ita. Yaya, Mama ta haura shekara talatin a ɗakin nan. Kujerarta na bakin taga, kwandon ulunta da kwarashin saƙarta na gefen gado, duk wanda ya wuce ta layin sai ya tsaya sun gaisa. Ina tsoron idan aka ɗauke ta daga nan, abin da ciwon ya rage mata ma zai tafi. Amma in har hankalin nata ya taɓu, ni ma ban san mene ne daidai ba.

Ka ɗan dakata mini zuwa ranar gwajin. A gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta

Goma sha biyu ga wata

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya, yara kuma sun warware daga murar da ka ce suna yi. Na ga amsarka. Layi huɗu ce, amma na gode da ka yarda za ka jira.

Zan faɗa maka wautar da na tafka. Na ce tunda kalma ɗaya ce za ta raba Mama da ɗakinta, bari in koya mata. Kullum da hantsi in zauna gabanta da wake a faranti, ina ƙirgawa, in mun kai goma sha tara in ce mata ta ce ashirin. Sai ta buɗe baki, ta yi ta kokawa, abin ya ƙi fita. Kwana biyar ina mata haka kamar 'yar aji ɗaya. Ran na shida ta ture farantin, waken ya watse har ƙarƙashin gado, ta juya fuskarta bango. Yinin nan fushi ta yi da ni. Ina tsintar wake ina hawaye, kuma na san ni na jawo.

Maigidana shi dariya abin yake ba shi. Wai goma biyu ai ashirin ne ko a garejinsu, kuma in ya aiki wani ya kawo masa noti gomiya biyu, ba wanda zai kawo sha takwas. Na ce masa likita ba bakanike ba ne. Na tambayi Inna, ƙanwar Mama, ko ta san kalmar. Ta ce ba ta taɓa ji ba, ta kama salati tana cewa an yi wa 'yar uwarta wani abu. Ka dai san Inna.

Shekaranjiya tsohon hedimastan nan na ƙarshen layi ya shigo duba ta, na ba shi labari a bakin ƙofa. Maimakon ya jajanta mini, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce ai Mama ba ƙirƙira ta yi ba. Wai ashirin, talatin, arba'in, har casa'in, duk daga Larabci suka shigo mana ta bakin malamai da fatake, kafin su kuwa mutanen da gomiya biyu, gomiya uku suke cewa. Ya yi ta zuba har sanyin ruwan da na kawo masa ya tafi. Ya ce shi kansa a littafi ya gani, bai taɓa jin mai rai ya faɗa ba.

To kaina sai ya ƙara kullewa. Mama ba ta karanta wannan littafin ba, a ina ta samo? In tsohuwar kalma ce da ta sani, me ya sa Inna ba ta sani ba, ni ma da na tashi a gabanta ban taɓa ji ba? In kuma lafiyarta ƙalau, ina ashirin ɗin ta tafi? Ni yanzu ko kwanan wata zan rubuta sai in tsaya ina kallon lambar kamar baƙuwa.

Ka sa mu a addu'a. Mama tana gaishe ka, ni kuma ta fara kula ni kaɗan-kaɗan.

Taka,
Auta

Ashirin da ɗaya ga wata

Yayana abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Yaya Anti? Na san kwanakinta sun matso, Allah Ya raba lafiya.

Kwana uku kafin gwajin, don in wanke laifina, na miƙa wa Mama kwarashinta da ulu. Ban ce ta ƙirga komai ba. Ta daɗe tana juya shi a hannun nan mai rauni, sannan ta fara ɗaura sarƙa, wato jerin idanun zaren da ake fara hula da shi. Sai na ji wannan ƙunƙunin da take yi in tana saƙa. Ka tuna shi? Wanda muke cewa Mama na hira da zare, mu yi ta dariya muna wucewa. Wannan karon na matso na kasa kunne. Yaya, ƙirga take yi. Gomiya biyu da tara, gomiya uku, gomiya uku da ɗaya.

Na tambaye ta wa ya koya mata. Maganarta a hankali take fita yanzu, amma ta fita. Ta ce kakarta ce, wadda ta riƙe ta tana ƙarama lokacin Inna na hannun iyayensu. Tsohuwar ta koya mata ƙirga a kan zare, kuma ita a nan ta bar ta, ba ta taɓa kai ta kasuwa ko makaranta ba. Na ce ai ban taɓa ji ba. Ta kalle ni ta ce, "Kullum a gabanku nake yi, ku ne ba ku saurara."

Jiya na tafi asibiti da kwandon ulu, nas tana kallona kamar na zo talla. Likita ya ce Mama ta ƙirga, ta kai gomiya biyu, ya ɗauki biro. Na roƙe shi ya faɗi kowace lamba ya ga dama, ta ɗaura masa ita a zare. Ya ce talatin da bakwai. Ta ɗaura, ta miƙa masa, ta ce gomiya uku da bakwai. Ya bi idanun da bakin biro ya samu talatin da shida. Mama ta ce ya sake ƙirgawa, ai ya tsallake ɗaya a tsakiya. Ya sake, ya cire tabarau ya goge, ya ce tana da gaskiya.

Ya yi mata wasu tambayoyin, na rana da na maganinta, duk ta amsa. Ya rubuta cewa hankalinta daidai yake, za ta iya zama a ɗakinta muddin ana leƙa ta. Kalmar ashirin da 'yan uwanta kuwa ciwon ya ɗauke su da gaske, tana gane su in an faɗa, bakinta ne ya kasa kamo su. Wataƙila su dawo, wataƙila ba za su dawo ba. Har yanzu ban gane yadda ciwo zai ɗauke abin da mutum ke faɗa kullum ya bar masa na ƙuruciya ba, shi ma likitan bai yi mini bayanin da ya shiga kaina ba.

Saura kai. Ga hular jaririnku nan cikin ambulan, kwana uku ta yi tana saƙa ta. Bakinta ido gomiya huɗu ne, ka ƙirga da kanka kafin ka yanke shawara. Ina roƙonka ka bar ta a ɗakinta.

Ta kuma ba ni saƙo, ta ce kada in canza ko kalma ɗaya. Ta ce a gaya maka yau kwana gomiya huɗu da bakwai rabon da ta sa ka a ido. Na je na duba kalanda, Yaya. Ba ta yi kuskure ba.

Sai mun gan ka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta