Kifin da Na Ƙi Mayarwa Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ɗanki Garba ne, daga Lanham, ƙasar Amurka, inda aikin rediyo ya kawo ni 'yan watanni bayan rasuwarki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, jiya na ga wani ƙato a talabijin ya kama kifi, ya sumbace shi a baki, ya mayar da shi ruwa. Tir! Sai na tuna wata Asabar a shekarun tamanin, na ga ba wanda zai fahimci takaicina kamarki, ke da kika ƙare rayuwarki a bakin banda a Yawuri.

Kin san Maimuna, ke kika zaɓa mini ita. A shekararmu ta biyu a nan ta samu ciki, laulayi ya sa ta gaba. Ko ruwa ta sha sai ya dawo. Ta rame har zobenta yana zamewa. Likita ya ce idan ta koma awo ba ta fara cin abinci ba, zai kwantar da ita a yi ta ƙarin ruwa, kuma bai ɓoye mana ba cewa yana tsoro ga cikin. Abu ɗaya ranta ke so, romon ɗanyen kifi irin naki. Na sayo na kanti, wanda ya daskare kamar katako. Tun daga ƙofa ta ji warinsa ta ruga banɗaki.

A wurin aikinmu akwai wani Bature mai gyaran na'urori, sunansa Bil. Ya ji ni ɗan masunta ne, sai ya ce abokin tafiyarsa ba shi da lafiya, ko zan raka shi gasar kamun kifi a wani babban tafki a Virginia. Ya ce idan ya yi abin kirki a ranar zai shiga zagayen ƙarshe, abin da ya daɗe yana nema. Inna, har godiya na yi masa. Na ce wa Maimuna ta wanke tukunya.

Da ke ce kika ga jirgin ruwan Bil, da kin riƙe baki. Yana ƙyalli kamar gyalen amarya, inji a baya, wani ƙarami a gaba, ga wata na'ura mai zana abin da ke ƙarƙashin ruwa a takarda. Babu tarun birgi, babu mamari mai jerin ƙugiyoyi. Sandunan fatsa ne jere, da akwati cike da tanar roba da kifayen ƙarya masu launin alewa.

Kifin da suke nema bas suke ce masa, kamar ƙaramin giwan ruwa, da baki wawakeke. Gaskiya Bil ya san halinsa, ba zan tauye shi ba. Farkon kakarsu ne, ganye ya fara ja, ruwa ya fara sanyi. Ya ce a irin wannan lokaci ƙananan kifaye kan bar tsakiyar tafki su shige bakin rafuffuka, bas kuma ya bi su. Saboda haka da sassafe sai a lura da inda tsuntsaye ke sukuwa da inda ruwa ke ɓarkewa, a jefa kifin ƙarya mai yawo a sama, a riƙa fizgarsa kamar wanda ya ji rauni. Idan rana ta ɗaga sai a koma inda tudu ya nutse cikin ruwa, ko gindin itatuwan da ruwa ya cinye, a sauke tanar roba a ja ta a hankali a ƙasa.

Bil ya kama biyu matsakaita, ya jefa su cikin wani tanki mai ruwa a cikin jirgin. Na ce a raina, to, dabara ce ta kada su lalace kafin yamma.

Hantsi ya yi, muna gindin wani kututture, na ji an ja tanata a hankali. Na fizga, sanda ta lanƙwashe. Da na ɗago shi, Inna, tsawonsa ya kai kamu guda da ɗoriya, cikinsa fari tas. Bil ya yi ihu, ya juya yana kiciniyar buɗe tanki. Ni kuwa hannuna ya yi abin da ya saba. Kin sha faɗa mana, “Kifi in ya fito ruwa kada ku bar shi yana wahala, ku gama da shi, ku fitar da hanji kafin rana ta taɓa shi.” Na yi bismillah, na ƙwala masa filaya a ka, na zaro wuƙata na farke cikin.

Da Bil ya waigo, sai ka ce ɗansa na yanka. Fuskarsa ta yi jajir. Sai a lokacin ya gaya mini cewa da rai ake kai kifin sikeli, a auna, a mayar da shi ruwa. Matacce ana rage wa mutum maki, wanda aka farke kuwa ba a ma ɗora shi. Wai ya zaci na sani. Ta ina zan sani? Wa zai tashi da asuba, ya yi tafiya mai nisa haka, ya kama abinci, sannan ya zubar?

Wurin awon ne ya ƙarasa ni. Manyan mutane da tumbi, kowa da leda cike da ruwa, suna layi. A zaro kifi ta leɓe, a ɗaga shi sama, a yi hoto, a yi tafi, a wurga shi tafki. Na leƙa gefen gadar katako. Ga wasu kifayen da aka mayar nan sun juya ciki sama suna shawagi, baki a yage, ɗaya ma ƙugiya ta cire masa ido. Sun wuni a tanki suna shan zafi don a ji daɗin hoto. Kuma waɗannan mutanen ne ke kallona a yatsine, suna nuna ni da baki, wai ni ne marar tausayi. Wallahi yawu ya taru mini a baki don ƙyama.

Wani mai hula daga shugabanninsu ya nuna mini kwandon shara, ya ce can ake jefa matattu. Na tuɓe rigata ta sama, na jiƙa ta, na naɗe kifina, na rungume shi.

Bil bai shiga zagayen ƙarshe ba. A mota damuwata kawai kada zafi ya ɓata kifin kafin mu isa. Can a hanya ya tsaya a gidan mai, ya fito da jakar ƙanƙara, ya ajiye mini a cinya ba tare da ya dube ni ba. Wannan alherin nasa kam ban manta da shi ba har yau, duk da bai sake gayyata ta ba.

Na dafa shi yadda kike yi, Innata, da citta da daddawa da ɗan barkono, ban juya da ludayi ba, girgiza tukunyar kawai na yi. Maimuna ta kurɓi romo. Na tsaya da roba a hannu ina jiran amai. Shiru. Ta sake kurɓa. Sai ta miƙo kwano ta ce in sa mata kan. Ina kallonta tana tsotsar ƙashi, na fita baranda na yi kuka, don ke ya kamata a ce kina tsaye a kan tukunyar nan.

Ranar Litinin Bil ya tare ni a bakin ɗakin watsa labarai, ya tambaya ko dai na ɗauki hoton kifin kafin komai, don bai taɓa ganin irinsa a jirginsa ba. Na ce masa babu hoto, amma matata ta ci abinci, kuma likita ba zai kwantar da ita ba.

Mace aka haifa, lafiya lau. Sunanki muka sa mata, don haka ban taɓa kiranta da shi ba, Inna nake ce mata.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna kamar yadda kika ciyar da mu da hayaƙi a idonki. Allah Ya haɗa fuskokinmu a inda babu rabuwa. Amin.

Ɗanki mai kewarki kullum,
Garba