Malamin da Ya Faɗi Jarrabawar Murmushi

Daga:
Malamin Turanci na Ajin Manya,
Cibiyar Koyon Harsuna,
Gidan Malamai Baƙi, Ɗaki na 6.
9 ga Mayu, 2018.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Kula da Malamai 'Yan Ƙasashen Waje,
Ma'aikatar Ilimi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘIN SABUNTA KWANTIRAGINA BISA DALILIN ƘARANCIN FARA'A

Ranar Talata, 14 ga Nuwamban bara, matata ta rasu a asibiti ina cikin aji ina koya wa mutane yadda ake tambayar hanya da Turanci.

Ina neman afuwa da na sa wannan a gaban gaisuwa. Bayan haka, ina gaishe ka gaisuwar ban girma, da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙurin karanta takardun irinmu. Ni baƙo ne a ƙasar nan. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a cibiyar da aka ambata a sama, wadda ta ɗauke ni bayan Baturen da take so ya ga albashin ya fasa zuwa. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, domin an ce baƙo raɓa ne, kuma ban ji inda raɓa ta rubuta takarda ba. Yau dole ce ta sa. Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi.

1. A dokar cibiya, malami yana ajiye wayarsa a akwatin ƙarfe da ke ofishin sakatariya kafin ya shiga aji, kuma ba a buɗe ƙofar aji sai an kaɗa ƙararrawa, wai don kada iskar wani harshe ta shigo ta lalata Turancin da ke ciki. A ranar da na ambata, asibiti ya kira ofis ya ce a turo ni maza. Sakatariya ta rubuta saƙon a 'yar takarda, ta zo ta tsaya a bayan gilashin ƙofa tana kallona. Ni kuwa na zaci an aiko ta duba aikina ne, sai na ƙara washe baki, na ɗaga murya, har da tafi. Haka muka yi, ita tana kallona da takarda a hannu, ni ina yi mata murmushi, har aka kaɗa ƙararrawa. Da na isa asibiti na tarar an riga an ja mayafi. Ba na ɗora wa sakatariya laifi. Tana da 'ya'ya, kuma ta ga abin da ya sami wadda ta gabace ta da ta buɗe ƙofa saboda gobarar kicin. Ina dai so a rubuta cewa a wannan rana fara'ata ta kai matakin da cibiya ke buƙata.

2. Ranar 20 ga Nuwamba na koma aiki. Mataimakiyar Shugaba mai kula da inganci ta yi mini ta'aziyya a bakin matakala, ta'aziyya mai kyau, ban rage mata komai ba. Kafin in gama cewa na gode, ta tuna mini cewa ɗalibai sun zo koyon Turanci ne, ba zaman makoki ba, kuma tana da yaƙinin mutum mai karatu irina zai san yadda zai bar damuwarsa a gida. Na ce mata zan gwada, duk da cewa gidan ɗaki ɗaya ne da falo, kuma damuwar ta riga ta cika shi.

3. Mai yiwuwa Mai Girma Darakta bai san yadda ake auna malami baƙo a cibiyarmu ba. Malaman gida ana duba sakamakon ɗalibansu. Mu baƙi fuskarmu ake dubawa, domin a aƙidar Shugaba, Turanci ta haƙoran malami yake shiga kan ɗalibi. Mataimakiya kan zauna a kujerar baya da wata 'yar na'ura, irin wadda ake ƙirga fasinjoji da ita a tasha, duk sanda haƙorin malami ya bayyana sai ta danna. Na karanta tarihin azzalumai da dama, waɗanda suka sa haraji a kan gishiri da tagogi da gemu, amma ban ci karo da wanda ya sa wa murmushi maki ba. Wanda ke zuwa na ɗaya a kowane zango wani saurayi ne, abokin aikina, mutumin kirki, wanda ya iya wulla lemo uku sama ya cafe. Ba ni da ja a kan wannan. Na san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ban sani ba shi ne akwai na'urar awonta.

4. Ranar 23 ga Janairu littafin aji ya kawo mu darasin iyali. Ƙa'idar darasin ita ce malami ya liƙa hoton iyalinsa a allo, ɗalibai su yi ta yi masa tambayoyi: wace ce wannan, ina take, me take yi yanzu. Tun mako guda kafin nan na roƙi a bar ni in tsallake shi in dawo masa daga baya. Aka ce littafi ba a tsallake shi, kamar yadda ba a tsallake matakala. Na liƙa hoton. A ranar ce kuma Allah Ya nufi Mataimakiya da zuwa awo. Ɗalibaina manya ne, direbobi da ma'aikatan jinya da masu shago, kuma rabinsu sun raka ni maƙabarta. Can sai wani dattijo mai sayar da magunguna, wanda ya fi kowa fama da Turanci, ya ɗaga hannu ya tambaye ni yaya yanayin gari yake a yau. Na ce ana sanyi. Sai duk ajin ya bi sahu. Muka ƙare darasin iyali muna maganar ruwan sama da iska, jimla bayan jimla, babu kuskure ko ɗaya. Mataimakiya ta rubuta cewa malami ya kauce wa darasi, aji ba shi da armashi, kuma na'ura ba ta motsa ba. Duka ukun gaskiya ne.

5. Domin a gyara ni, an tura ni kwas na ranar Asabar a watan Fabrairu. Aka zaunar da ni gaban madubi, aka sa mini fensir a tsakanin haƙora, aka ce in riƙe shi a haka ina tuna wani abu mai daɗi. Na tuna. Abin da ya ɓata aikin ke nan. Duk da haka na kammala, an kuma ba ni takardar shaida, wadda na haɗo da kwafinta domin Mai Girma ya ga ban yi taurin kai ba. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Cibiya ta tambayi fuskata, ta ba ta amsa, amsar ce ba a so.

6. Ranar 26 ga Afrilu kwamiti ya zauna a kaina. Shugaba ya yaba mini ƙwarai. Ya ce ɗalibaina sun fi na kowa cin jarrabawa, ban taɓa makara ba, kuma cibiya ba za ta manta da ni ba. Tun daga nan na san an gama, domin ba a yabon mutum haka sai ana shirin rufe shi. Ya ce ba za a sabunta kwantiragina ba idan ya ƙare ranar 30 ga Yuni. Sannan ya tambaye ni ko ina da abin faɗa. Na miƙe, na gyara murya, sai aka kaɗa ƙararrawa. Kowa ya tattara takardunsa, domin a cibiyarmu ƙararrawa ta fi Shugaba.

7. Mai Girma ya fi ni sanin cewa izinin zaman malami baƙo a jikin kwantiraginsa yake rataye; ranar da ɗaya ya faɗi, ɗayan ya bi shi. Ya kuma san ba a ba wanda ya haura shekara sittin, kamar ni, sabon izini, sai dai a sabunta tsoho. Abin da watakila bai zo teburinsa ba shi ne ƙa'idar maƙabartar da ke bayan tashar jirgin ƙasa: kabarin baƙo sai da majiɓinci mazaunin ƙasa, wanda zai riƙa zuwa yana sa hannu. Idan babu, bayan 'yan shekaru sai a baje wurin a ba wani. Matata tana layi na ƙarshe, kusa da katanga, inda jirgi ke girgiza ƙasa idan zai wuce. Ba ta da kowa a ƙasar nan sai ni. 'Yarmu tana aure a can gida, kullum tana waya tana cewa in dawo, me ya rage mini a nan. Ban iya gaya mata cewa abin da ya rage uwarta ce ba.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Darakta:

(a) Ya umarci cibiya ta sake duba hukuncinta kafin ranar 30 ga Yuni, ta auna ni da ma'aunin da take auna malaman gida.

(b) Idan hakan ya gagara, a mayar da ni wani aiki da ba ya buƙatar fuska. Zan iya gyaran takardun jarrabawa, ko tsaron ɗakin karatu, ko naɗar darussa a faifai. An ce muryata ba ta da laifi idan ba a ganina.

(c) A ba sakatariyar kowace makaranta izini a rubuce ta buɗe ƙofar aji idan asibiti ya kira. Wannan ba don ni ba ne. Ni tawa ta riga ta wuce.

Ba na neman a hukunta kowa. Idan kuma sharaɗin zamana shi ne murmushi, ina tabbatar wa Mai Girma cewa fensirin yana nan a aljihuna.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa kada ka taɓa jiran ƙararrawa. Na gode da lokacin da ka ba wannan takarda, ko wanda ka sa ya karanta maka ita.

Naka mai biyayya,
(Sa hannu)
Malamin Turanci na Ajin Manya.

Ƙari: Tun shekararmu ta biyu a nan marigayiya take cewa mu koma gida, ni kuma ina cewa baɗi. Yanzu cibiya ta amince da buƙatarta, sai dai mutum ɗaya za a tura. A safiyar Talatar da ta rasu, a cikin bas, na yanke shawarar cewa ita ke da gaskiya. Ban kira ta a waya ba, na ce irin wannan magana sai ido da ido, bari in tashi daga aji. Maganar ba ta da tsawo: Uwargida, ki warke mu tafi gida.