Madarar da ka ba mu a Apapa

Assalamu alaikum, Yaya Haruna.

Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa ƙaninka Isa yanzu da inji yake kwana. Huhuna ya gaji. Sai a ɗaura min takunkumin roba a fuska, inji ya yi ta hura min iska har asuba. Barci kam ina samu, tashin ne aiki. Da na cire takunkumin sai ƙirjin ya ɗaure tamau, iska ta ƙi shiga ta ƙi fita. Ina jin kiran salla daga masallacinmu na Agege, ni kuwa ina dafe da gefen gado ina haki kamar wanda aka koro. Fatiha ma sai na yanka ta gunduwa-gunduwa. Likita ya ce huhun ne ya saba da taimakon dare, in zauna in bi shi a hankali.

A wannan zaman nake tuna ka, kuma ba da daɗi ba.

Kai ka ɗauko ni daga gida lokacin da jiragen siminti suka yi layi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kana shugaban 'yan dako. Mu shiga cikin jirgi baƙaƙe, mu fito fari fat, uwarmu ma ba za ta gane mu ba. Da yamma ka bi mu da madarar gwangwani, kowa ɗaya, kana cewa, “Ku shanye, tana wanke ƙirji tas.” Mu kuwa ƙauyawa har lasar murfi muke, muna sa maka albarka.

Bana da Salla na je gaida matarka, Yaya Abu. Ta ji tarina, ta girgiza kai, ta ce ai dama ka faɗa mata haka za a yi. Wai likitan tashar ya tara ku shugabanni ya ce madara ba ta yin komai, ya ba ku abin rufe hanci ku raba. Ka ga zafinsa zai sa mu rage sauri, alhali oga yana yabon ayarinka, sai ka tura kwalin abin rufe hancin ƙarƙashin gado. Shi ya sa ka hana ɗanka Sani ko leƙa tashar, ka kai shi kanti a Sabo. Cikin hira ta faɗa, a zatonta na sani.

Yaya, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ka ci amanata, kuma abin ya yi min ciwo fiye da cutar.

Duk da haka kai ne ka goya ni ka ratsa ambaliyar ruwa a Oyingbo ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Na kasa haɗa mutum biyun nan wuri ɗaya.

Ranar da za ka cika, ka riƙe hannuna ka ce, “Isa, ka yafe min.” Na ce na yafe duniya da lahira, ina kuka, ban tambaye ka me na yafe ba. Kai ka san abin da kake roƙo, ni ban sani ba.

Ba zan janye ba, ba na so a tsare ka a lahira saboda ni. Amma bakina ne ya yafe a ranar, zuciyar tana baya tana tahowa. Allah ya haskaka kabarinka, ya jiƙan waɗanda muka sauke simintin nan tare. Ni kuma ya ara min kwana har in sake faɗa maka na yafe da sanina.

Naka har gobe,
ƙaninka Isa, Agege.